Zaratan 'Yan Sanda: Tsakanin Yaƙi da Ta'addanci da Aikin Kiyaye Zaman Lafiya

Kusan kowace rundunar 'yan sanda a duniya tana da wani ƙaramin sashe wanda ba a ganin mutanensa a mararraba suna ba da hannu, ba a kuma tarar da su a caji ofis suna rubuta ƙara. Aikinsu yana tasowa ne idan al'amari ya fi ƙarfin ɗan sandan sintiri amma bai kamata a miƙa shi ga soja ba: an sace jirgin sama da fasinjoji a ciki, ko 'yan bindiga sun kutsa otal sun rufe ƙofa, ko za a kama wani riƙaƙƙen mai laifi da aka san ba zai miƙa hannu a sa masa ankwa cikin lalama ba. A Jamus sunan wannan sashe GSG 9. Faransa tana da GIGN a rundunar jandarma da RAID a ta 'yan sanda. A biranen Amurka ana ce musu SWAT, a Indiya NSG, a Indunisiya Densus 88, a Kenya kuwa Recce.

Wanda ya gan su cikin rigar sulke da hular kwano, fuska a rufe, bindiga a ƙirji, zai ɗauka sojoji ne. Kayan sun yi kama, wani horon ma tare ake yinsa. Inda suka rabu shi ne abin da doka ta ɗora wa kowannensu. Soja a fagen daga abokin gaba yake fuskanta, kuma dokar yaƙi ta halatta masa ya harbe shi tun bai ɗaga bindiga ba. Ɗan sanda kuwa, komai ƙwarewarsa a harbi, mutumin da ke gabansa wanda ake zargi ne. Wajibinsa ya kama shi da rai ya gurfanar da shi gaban alƙali, kuma ba shi da izinin danna kunama sai don kare ran da ke cikin haɗari a daidai wannan lokaci. Duk harsashin da ya fita daga bindigarsa ana iya titsiye shi a kansa a kotu. Don haka ana auna nasarar irin wannan runduna ne da yawan mutanen da suka fito da rai, har da masu laifin.

Abin da ya faru a Munich

Birnin Los Angeles na Amurka ya kafa rukuninsa na SWAT a ƙarshen shekarun 1960, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965. Amma abin da ya farkar da sauran ƙasashe ya faru ne a Jamus ta Yamma. Da asubahin ranar 5 ga Satumban 1972, ana tsakiyar wasannin Olamfik a Munich, mutum takwas na ƙungiyar Falasɗinawa ta Black September suka haura shingen masaukin 'yan wasa, suka kashe 'yan Isra'ila biyu, suka yi garkuwa da tara. Sharaɗinsu shi ne a saki fursunoni sama da 200 da ke hannun Isra'ila.

Tsarin mulkin da Jamus ta rubuta bayan zamanin Hitler ya hana a yi amfani da soja a irin wannan aiki na cikin gida, don haka nauyin ya faɗa kan 'yan sandan gari waɗanda ba su taɓa samun horo a kansa ba. Wasunsu suka sa kayan wasanni suka hau rufin gini da niyyar kai farmaki, ashe gidajen talabijin suna nuna su kai tsaye, maharan kuma suna kallo daga ɗaki. Da dare aka kai maharan da mutanen da ke hannunsu filin jirgin sama na Fürstenfeldbruck, inda aka shirya kwanton ɓauna. Maharba biyar aka ajiye wa mutum takwas, babu na'urar gani cikin duhu, babu oba-oba da za su ji juna. 'Yan sandan da aka ɓoye cikin jirgin a matsayin ma'aikatansa suka yanke shawara a tsakaninsu suka fice. Motoci masu sulke suka maƙale a cunkoson hanya. Kafin gari ya waye, duk mutum taran nan sun mutu, da ɗan sanda ɗaya da maharan biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Jamus ta koyi hakan a idon duniya.

Mako uku bayan haka, ranar 26 ga Satumba, gwamnati ta kafa GSG 9 a cikin rundunar tsaron kan iyaka, ƙarƙashin Ulrich Wegener. Sai da aka shekara biyar sannan aka ga amfaninta. Ranar 13 ga Oktoban 1977 mutum huɗu suka sace wani jirgin Lufthansa da ya taso daga tsibirin Mallorca zuwa Frankfurt. Suka yi ta yawo da shi daga Roma zuwa Larnaka, Bahrain, Dubai da Aden, inda suka kashe matuƙinsa Jürgen Schumann, daga ƙarshe suka sauka a Mogadishu. Shugaban Somaliya Siad Barre ya amince Jamusawa su yi aikin da kansu. Masu tattaunawa suka yi ta jan maharan da magana, suna ba su tabbacin cewa fursunonin da suka nemi a saki suna kan hanya. Cikin daren 18 ga wata, sojojin Somaliya suka kunna wuta a gaban jirgin don ɗauke hankali, mutanen Wegener kuma suka lallaɓo ta bayansa, inda ba a hango su daga taga, suka jingina tsani suka ɓalle ƙofofi. Cikin 'yan mintoci aka gama. Fasinjoji da ma'aikatan da suka rage duk sun tsira, maharan uku sun mutu, ɗaya mace ta rayu. Daga nan ƙasashe suka yi ta tururuwar aika jami'ansu Jamus koyon aiki.

Faransa ta bi tata hanyar. GIGN ta fara aiki a 1974 ƙarƙashin Christian Prouteau, a cikin rundunar jandarma, wato jami'an da suke da tsarin soja amma aikin 'yan sanda suke yi, kamar yadda aka san su a Jamhuriyar Nijar, Kamaru da Chadi. Ta yi suna da harbin daidai. A Fabrairun 1976, a Loyada da ke kan iyakar Jibuti da Somaliya, maharbanta sun kwanta cikin rana na sa'o'i suna jiran lokacin da kowannensu zai samu mutuminsa a saiti, sannan suka harba a tare, don ceto 'yan makaranta kusan 30 da aka tsare cikin bas. Duk da haka yara biyu sun rasu. A 1979, lokacin da Juhayman al-Utaibi da mabiyansa suka mamaye Masallacin Harami na Makka ranar 1 ga Muharram 1400, Faransa ta aika jami'an GIGN uku da iskar gas don ba da shawara kan yadda za a fito da waɗanda suka ɓuya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, dakarun Saudiyya kuma suka yi aikin, bayan mako biyu ana gumurzu.

Aikin da aka fi tunawa da su a kansa shi ne na Disamban 1994. Mutum huɗu na ƙungiyar GIA suka kame jirgin Air France a birnin Aljiyas, suka kashe fasinja uku, sannan jirgin ya tashi zuwa Marseille. A nan suka nemi a zuba masa tan 27 na mai, kusan ninki uku na abin da zai kai shi Paris, abin da ya ƙarfafa zargin cewa tarwatsa shi suke son yi a saman birnin. Ranar 26 ga wata GIGN ta afka jirgin. An kashe maharan huɗu, jandarmomi da dama sun ji rauni, mutum sama da 170 da ke ciki kuma babu wanda ya mutu.

Yadda aikin yake gudana

Finafinai sun sa ana ɗauka cewa aikin duka ɓalle ƙofa ne da ruwan harsasai. A zahiri farmaki shi ne mataki na ƙarshe, kuma kwamandan kirki ba ya son a kai gare shi. Abin da ake fara yi shi ne ƙawanya: a killace wurin don kada mai laifi ya fita, kada kuma wani ya shiga. Sai a buɗe hanyar magana. Mai tattaunawa ba shi da ikon yanke hukunci, kuma da gangan aka yi haka, domin kullum yana da uzurin cewa zai tuntuɓi na sama, abin da ke ƙara jan lokaci. Lokaci kuwa yana taimakon 'yan sanda. Mai garkuwa yana gajiya, yunwa da barci suna kama shi, zafin zuciyarsa yana sauka. A cikin wannan jiran ne ake neman taswirar ginin, a saƙa na'urar sauraro, a yi wa duk wanda aka sako tambayoyi: su nawa ne, wane makami ne a hannunsu, wane ne shugaba, ina suke tsayawa. Maharban da ke kan rufi galibi idon kwamanda ne, suna ba da labari fiye da yadda suke harbi.

Idan farmaki ya zama dole, abin da ake dogaro da shi shi ne bazata da sauri. Ana shiga ta ƙofa fiye da ɗaya a tare, a jefa gurneti mai ƙara da haske wanda ba ya kisa, a samu daƙiƙoƙi kaɗan kafin mutanen ciki su dawo hayyacinsu. Cikin waɗannan daƙiƙoƙi jami'i zai bambance mai riƙe da bindiga da mai riƙe da waya, a cikin hayaƙi da ihu. Shi ya sa wajen zaɓen mutane ba ƙarfin ƙirji kaɗai ake dubawa ba. Ana neman wanda ya riga ya yi shekaru a aikin ɗan sanda, mai sanyin kai, kuma akasarin masu nema ba sa tsallake gwaji. A GIGN akwai al'adar da sabon jami'i yake harbin wani ɗan faranti na yumɓu da aka rataya a ƙirjin rigar sulken abokin aikinsa, da harsashi na gaske, kafin a karɓe shi. Alƙaluman da aka fi ambata game da GSG 9 sun nuna ta yi ayyuka sama da 1,500 tsakanin 1972 da 2003, amma sau biyar kawai ta yi harbi.

Duk da wannan shiri, ceto caca ne. A Maris na 2012 dakarun Nijeriya da na Birtaniya sun kai samame wani gida a unguwar Mabera ta Sakkwato don kuɓutar da injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, da aka sace a Birnin Kebbi tun watan Mayun 2011. Masu tsaronsu suka kashe su kafin a isa ɗakin. Wanda yake tsaye kusa da wanda aka tsare daƙiƙa ɗaya kawai yake bukata.

Lokacin da jira ya zama asara

Wannan tsari na killacewa da jira an gina shi ne a kan mahari mai bukata, wanda yake son a saki wani ko a ba shi jirgi, yana kuma son ya rayu. Da maharan da suka zo mutuwa suka bayyana, lissafin ya juye. Ranar 26 ga Nuwamban 2008 mutum goma na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka shiga Mumbai ta ruwa, suka bazu tashar jirgin ƙasa da otal-otal da wata cibiyar Yahudawa, suka kashe mutum 166 cikin kusan kwana uku. Indiya tana da NSG, amma sansaninta yana Manesar kusa da Delhi, nisan sama da kilomita dubu, ga neman jirgi, ga neman motocin da za su kwashe su daga filin jirgi. Sai da gari ya waye suka isa. Mahari ɗaya tilo da aka kama da rai, Ajmal Kasab, ƙananan 'yan sanda ne suka kama shi a shingen hanya, bayan da ɗayansu, Tukaram Omble, ya riƙe bakin bindigarsa har ya mutu. Bayanin da aka samu daga bakin Kasab da shari'ar da aka yi masa su suka fayyace wa duniya inda aka shirya harin. A 2009 Indiya ta buɗe wa NSG rassa a Mumbai, Chennai, Kolkata da Hyderabad.

Kenya ta sha irin wannan a Jami'ar Garissa ranar 2 ga Afrilun 2015, inda al-Shabaab ta kashe mutum 148, yawancinsu ɗalibai. An kai harin da asuba, amma rukunin Recce ya yi sa'o'i a Nairobi yana jiran jirgi, har wasu 'yan jarida da suka bi mota suka riga shi isa. Da ya shiga kuwa bai ɗauki lokaci ba ya gama da maharan. A Janairun 2019, da aka kai hari otal ɗin DusitD2 a cikin Nairobi, an isa da wuri, umarni kuma ya kasance a hannu ɗaya, aka fitar da mutum sama da 700, aka rasa 21. Ƙwarewar jami'an ba ta canja sosai tsakanin harin biyu ba. Mota da jirgi da sanin wanda ke da umarni su ne suka canja.

Shi ya sa ƙasashe da yawa yanzu suke koyar da ɗan sandan sintiri cewa idan ana kashe mutane a ciki, wanda ya fara isa shi zai shiga. A gidan rawa na Bataclan a Paris, daren 13 ga Nuwamban 2015, wani babban jami'in 'yan sanda da direbansa, da ƙananan bindigogi, su suka fara shiga suka harbe ɗaya daga cikin maharan uku, kisan gilla da ake yi a babban zauren kuma ya tsagaita tun kafin zaratan su iso.

Akwai kuma wani salon da ba ya jiran ranar hari. Indunisiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta kafa Densus 88 a 2003 bayan bama-baman Bali da suka kashe mutum 202 a 2002. Akasarin jami'anta masu bincike ne da masu bibiya da masu nazarin waya da kuɗi, masu ɓalle ƙofa 'yan tsiraru ne. Sun kashe manyan masu haɗa bam irin su Azahari Husin a 2005 da Noordin Top a 2009, an kuma sha zarginsu da saurin harbi da azabtarwa. Amma ɗaruruwan mutanen da suka kama a kotu aka yi musu shari'a a bainar jama'a, wasu kuma suka koma suna taimaka wa hukuma wajen jawo hankalin tsofaffin abokansu. A watan Yunin 2024 shugabannin ƙungiyar Jemaah Islamiyah, wadda aka ɗora wa alhakin harin Bali, suka sanar da rusa ta da bakinsu.

Ƙarƙashin shuɗiyar hula

Aikin 'yan sanda a ƙasar waje ya girmi duk waɗannan rundunoni, kuma Afirka ta Yamma tana cikin waɗanda suka fara shi. A rikicin Kwango na 1960 Gana ce ta fara ba Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan sanda, daga baya kimanin 400 na Nijeriya suka karɓe su. Na tsawon shekaru bayan haka, ɗan sandan Majalisa ɗaiɗai yake zuwa, galibi ba makami, aikinsa sa ido da ba da shawara.

Bosniya ce ta nuna giɓin da ke cikin wannan tsari. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 akwai dubban sojojin NATO da tankoki, akwai kuma 'yan sandan Majalisa marasa makami. Masu adawa da yarjejeniyar suka gano inda lagon yake: ba sai sun harba bindiga ba, su tara mata da matasa da duwatsu su tare hanya. Haka aka yi wa sojojin Amurka a garin Brčko a Agustan 1997. Soja ba shi da abin yi tsakanin harbi da ja da baya, ɗan sandan da ba shi da ko kulki kuma ba zai tunkari taro ba. A 1998 NATO ta kawo wata runduna ta musamman ƙarƙashin jagorancin Carabinieri, jandarmomin Italiya, masu garkuwa da barkonon tsohuwa da motoci masu sulke, waɗanda suka saba da tarzoma a gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki wannan salo a Kosobo da Timor ta Gabas, inda daga 1999 ita ce take riƙe da mulki, 'yan sandanta kuma suke da ikon kama mutum.

Irin wannan rukuni, wanda ake taƙaita sunansa da FPU, yakan ƙunshi mutum kusan 140 daga ƙasa ɗaya. Suna zuwa a dunƙule da kwamandansu da motocinsu da makamansu da likitansu da masu dafa musu abinci. Aikinsu kwantar da tarzoma, gadin ma'aikata da gine-ginen Majalisa, da rufa wa 'yan sandan ƙasar baya idan za su shiga wuri mai haɗari, sannan a sansanonin 'yan gudun hijira su ne masu sintiri da rakiyar mata zuwa ɗebo itace. Majalisa tana biyan gwamnatin da ta aiko su sama da dala 1,400 a wata kan kowane mutum, ban da kuɗin hayar kayan aiki, abin da ya sa ƙasashe irin su Bangaladash, Nepal, Jodan, Senegal da Ruwanda suka zama manyan masu bayarwa. Nijeriya ta aika irin waɗannan rukunoni, akasari daga 'yan sandan kwantar da tarzoma, zuwa Laberiya, Haiti, Darfur da Tumbuktu, ta kuma aika Mogadishu a 2012 ƙarƙashin Tarayyar Afirka.

Wanda aka fi yabawa cikinsu bai yi suna da faɗa ba. A Janairun 2007 Indiya ta aika Laberiya rukuni na farko na mata zalla, suka yi gadin ofishin Shugaba Ellen Johnson Sirleaf, suka yi sintirin dare a Monrobiya, ana canja su duk shekara har 2016. A ƙasar da mata suka sha fyaɗe lokacin yaƙi, ganin mace da kaki da bindiga ya sa masu ƙara sun samu wanda za su gaya wa, 'yan mata da yawa kuma suka nemi shiga aikin ɗan sanda.

Ana yawan haɗa aikin kiyaye zaman lafiya da yaƙi da ta'addanci kamar abu ɗaya ne, saboda sau da yawa mutane ɗaya ne suke yin duka biyun. A ƙa'ida sun sha bamban. Mai kiyaye zaman lafiya yana zuwa ne da yardar ɓangarorin rikici, ba ya ɗaukar ɓangare, ba ya amfani da ƙarfi sai don kare kansa ko kare aikin da aka ɗora masa. Mai yaƙi da ta'addanci kuwa yana da abokin gaba da ya sani da suna. Kwamitin ƙwararru da José Ramos-Horta ya jagoranta a 2015 ya ba da shawara ƙarara cewa kada a sa dakarun Majalisa farautar 'yan ta'adda, domin ba su da kayan aiki da bayanan sirrin da hakan yake bukata. Matsalar ita ce 'yan ta'addan ba su san da wannan iyaka ba. A Mali, daga 2013 zuwa 2023, rundunar Majalisa ta MINUSMA ta rasa mutum sama da 300, da yawa ta hanyar nakiyoyin gefen hanya da harin ƙunar baƙin wake. Jama'a suna zarginta da zaman kallo, masu tayar da ƙayar baya suna ɗaukarta abokiyar gaba, daga ƙarshe gwamnatin soja ta ce ta tattara ta fice.

Haiti gwaji ne na wani salon. A Oktoban 2023 Kwamitin Sulhu ya amince da wata runduna da ba ta Majalisa ba, ƙarƙashin Kenya, don tunkarar gungun 'yan daba da suka mamaye akasarin Port-au-Prince. Rukunin farko na 'yan sandan Kenya ya sauka a Yunin 2024, cikinsu har da 'yan Recce. An tsara mutum 2,500, amma da ƙyar aka kai dubu, kuɗi da motoci suka yi ƙaranci, jami'an kuma ba sa jin harshen mutanen da suka je karewa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin naƙasu ba ne, domin ɗan sandan da ba ya samun labari daga bakin jama'a, ko a gida ko a waje, mai gadi ne kawai.

Halin gida

Haɗarin da ya fi bin irin waɗannan rundunoni ba ya zuwa daga 'yan ta'adda. Garkuwa da mutane irin ta Munich ba kullum take faruwa ba, runduna mai tsada kuma ba a son a gan ta zaune, sai a fara nema mata aiki. A Amurka, binciken da ƙungiyar kare haƙƙi ta ACLU ta fitar a 2014 ya gano cewa kashi 7 cikin 100 ne kawai na fitar SWAT ya shafi garkuwa ko ɗan bindiga da ya killace kansa, kusan kashi 80 kuwa binciken gidaje ne, akasari neman ƙwaya. A Bangaladash, rundunar RAB da aka kafa a 2004 ta yi ƙaurin suna da kisa ba shari'a da ɓatar da mutane, har Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a Disamban 2021.

Nijeriya ta ga nau'i biyu na wannan lalacewa. 'Yan mopol an kafa su ne a farkon shekarun 1960 a matsayin rundunar ko-ta-kwana da ke zaune a bariki tana atisaye tare, amma aka yi ta rarraba su bibbiyu a ƙofar banki da bayan motar manyan mutane, Sufeto Janar bayan Sufeto Janar yana ba da umarnin a janye su. Rukunin da mutanensa suke warwatse a gidajen attajirai ba zai iya aiki a matsayin rukuni ba ranar da aka neme shi. SARS kuma, wadda aka fara a Legas a 1992 don yaƙi da fashi, ta rikiɗe ta koma tare matasa a hanya da binciken waya da azabtarwa. Amnesty International ta tattara misalai 82 na cin zarafi tsakanin Janairun 2017 da Mayun 2020. Ranar 11 ga Oktoban 2020, ana tsakiyar zanga-zanga, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa ta, bayan kwana biyu kuma ya sanar da SWAT a madadinta. Gwamnonin Arewa a lokacin sun nuna ba su goyi bayan rusawar ba, saboda a yankinsu kukan jama'a rashin jami'an tsaro ne. Kukan biyu duk gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya: an ajiye ƙwararrun inda ba a bukatarsu, ba a kuma tuhumarsu idan sun yi ɓarna.

Abin da kisa ba shari'a yake jawowa kuwa Arewa maso Gabas ta fi kowa saninsa. Ranar 30 ga Yulin 2009 sojoji suka kama jagoran masu tayar da ƙayar baya, Mohammed Yusuf, da rai a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda, bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa. Da shi aka binne duk abin da ya sani game da masu ba shi kuɗi da masu ɗaure masa gindi, mabiyansa kuma suka samu hujjar ramuwa. Ranar 16 ga Yunin 2011 suka tayar da bam a harabar hedikwatar 'yan sanda a Abuja.

Wannan hali na gida yana bin jami'i har ƙasar waje, domin rukunin da ake aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya daga cikin waɗannan rundunoni ake tsamo shi. Tun 2012 Majalisa ta wajabta wa kowace gwamnati ta ba da shaidar cewa wanda ta aiko ba shi da tabon take haƙƙin ɗan Adam, ko da yake gwamnatin da ake zargi ita ce mai ba da shaidar. Wani lokaci Majalisa takan ɗauki mataki da kanta. A 2016 ta ƙi karɓar madadin 'yan sandan Burundi kusan 280 da suka gama wa'adinsu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, saboda abin da 'yan sandan ƙasar suka yi wa masu zanga-zanga a Bujumbura.